Tabon da ke Tsakiyar Shafi

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar malamar da aka haɗa ni da ita a ajin manyan mata ta zo da wayoyi shida a kwali. Wai ɗalibai za su ɗauki hotuna, su ɗora muryarsu a kai, su ba da labari, kuma wai wannan ma ilimin karatu ne. Na sanar da ita cewa shekara arba'in da ɗaya na yi ina koyarwa kafin na yi ritaya na dawo taimako, ban taɓa jin an kira surutu karatu ba. Ta ce, "Mama, ki ba mu wata ɗaya." Na ce a cikin aji Malama nake.

Alhamis, 6 ga Maris

Tabon nan na tsakiyar ganina ya ƙaru. Duk kalmar da na kalla kai tsaye ɓacewa take yi, sai na kawar da ido nake tsintar ta ta gefe. Ba wanda ya sani.

Talata, 11 ga Maris

'Yata ta kira. Ta gyara mini ɗaki a gidanta, har da labule. "Umma, ranar da kika daina ganin matakalar benen nan, da mota zan zo, ba shawara zan kawo ba." Na ce matakalata goma sha bakwai ce, na san kowacce. Kuskure ne da na faɗi adadin. Mai gani ba ya ƙirga matakala.

Laraba, 19 ga Maris

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba ragi.

Littafin karatun ajin a kaina yake, shi ya sa tun bara buɗe shi kawai nake yi, ina faɗa daga ƙwaƙwalwa. Yau na ce a buɗe shafi na arba'in da biyu, na kawo labarin manomi da rijiyarsa har ƙarshe, ban tsallake kalma ba. Ban ji motsin takarda ko ɗaya ba. Sai mai ɗinkin nan ta layin gaba, wadda shekara biyu ta kasa rubuta layi biyar, ta ce, "Malama, mu fa namu maganar tafasa ruwan sha ce a nan."

An canja bugu a makon jiya. Bangon shuɗi ne kamar na da. Sabon ne a hannuna.

Sabuwar malama ta yi wuf ta ce, "Da ka Malama ta ba ku, don ku ji yadda ake jera labari kafin ku ɗauki naku." Ta rufa mini asiri a gaban mata ashirin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 22 ga Maris

Shugabar makaranta ba ta neme ni ba tukuna. Duk ƙarar mota a ƙofa sai in ce 'yata ce ta zo ɗaukata.

Litinin, 24 ga Maris

An haska ayyukan ɗaliban a bango. Haske kawai na gani yana sauyawa, amma na gyaɗa kai a inda ya dace. Na mai ɗinki ya fara da ƙarar keken mahaifiyarta, ta yi magana a kan ƙarar na minti uku, kuma daidai inda uwar ta rasu ta tsayar da keken. Na nemi abin da zan soke da jan biro, ban samu ba.

Biyu bisa goma na ba ta a watan jiya.

Juma'a, 28 ga Maris

Na kasa karanta abin da na rubuta ranar Litinin. Da alama layi ya hau layi.

Malamar ta ajiye waya ɗaya a teburina. "Malama, ki saurara mini ayyukansu, kunnenki ya fi nawa." Don gyaran aiki kawai na zo da ita gida. Madannin ɗaukar murya babba ne, yana ƙasa, babban yatsa na samun sa ba sai an duba ba. Na gwada sau ɗaya, don in tabbatar yana aiki. Niyyata in faɗi rana da kwanan wata, shi ke nan.

Da na sake saurara, sai na ji tsohuwar, wato ni, ta yi bayani har kan shafi na arba'in da biyu. Muryarta ba ta yi rawa ba.

'Yata za ta zo ranar Lahadi. Ban goge abin da na ɗauka ba.