Yaya, Baba Yana Jin Mu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku a inda kuke. Mu ma nan lafiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa kicin ba tare da ta dafa bango ba. Na san za ka yi mamakin doguwar wasiƙa daga wajena, ni da saƙona ba ya wuce layi biyu. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka sai in ajiye, don na san kuka ba zai bar ni in ƙarasa magana ba. Ba rasuwa aka yi ba, ka kwantar da hankalinka, amma ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ka san tun da Baba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, yau wata tara ke nan, ba na leƙa ko'ina. Da ƙawayena na makaranta suka ga na kulle kaina a gida, sai suka jawo ni cikin wani wasan kacici-kacici da suke yi ta intanet duk Asabar bayan la'asar. Mu shida ne, kowa tana gidanta. Tambaya ce za ta fito a fuskar waya da amsoshi huɗu a ƙarƙashinta, cikin daƙiƙa ashirin sai ka taɓa ɗaya, muna kuma jin muryar juna ana ta tsiya da dariya. Wata malamar lissafi a cikinmu ce ke cinye mu kullum, wata mai kemis na bin bayanta, ni kuwa sun raɗa mini suna Kurar Baya, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Asabar ɗin da ta wuce Umma ta tafi ganin likita, saboda haka a ɗakin Baba na zauna. Na ba shi magani, na jingina shi da filo biyu, na zauna a bakin gado ta ɓangarensa na hagu, na ɗora wayar a kan ɗan teburin nan da muke ba shi abinci. Ka san halina, komai sai na karanta da ƙarfi. Aka zo tambaya ta bakwai: wane ƙarfe ne wutar lantarki ta fi saurin bi ta cikinsa? Ga jan ƙarfe, ga zinariya, ga azurfa, ga dalma. Na ce ai wannan ko yaro ya sani, na kai yatsa zan taɓa jan ƙarfe, sai na ji an ture mini hannu. Yaya, hannun Baba ne. Hannun hagun nan da muke cewa motsi kawai yake yi ba da saninsa ba. Ya lallaɓo yana rawa, ya sauka a kan azurfa. Wayar ta yi ƙara, ta nuna kore. Duk cikinmu ni kaɗai na ci.

Na ce wa kaina dace ne, ko kuma shekara talatin da ya yi yana gyaran rediyo ne suka bar masa wannan guda ɗaya a ka. Sai ga ta takwas, ƙasusuwa nawa ne a wuyan raƙumin dawa. Ban taɓa komai ba, na karanta kawai, na matsa masa da teburin. Ya taɓa bakwai, kore. Ta tara, minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso ƙasa. Ya taɓa takwas, kore. Ƙawayena suka ɗauki ihu, malamar lissafi tana rantsuwa wai satar amsa nake yi a wata wayar, mai kemis tana cewa a binciki Kurar Baya yau ta sha wani abu. Da kyar na ce musu ba ni ba ce, Baba ne. Can sai mai kemis ta kira shi a hankali, ta gaishe shi, ta ce idan yana jin ta ya taɓa amsar farko a tambaya mai zuwa, ko da ba ita ce daidai ba. Tambayar na fitowa, tun kafin in karanta, ya ɗora yatsa a kan ta farko. Ja ta nuna, mun faɗi, kuma ban taɓa ganin faɗuwar da ta girgiza ni irin wannan ba.

Ka ga da farko murna ce ta kama ni, na rungume shi ina kiran sunan Allah. Amma kafin Umma ta dawo sai wani tunani ya faɗo mini. Idan yana gane tambayar wuyan raƙumin dawa, to ya gane duk abin da aka faɗa a ɗakin nan wata tara. Ya ji ranar da Gwaggo ta tsaya a kansa tana cewa ai numfashi ne kawai ya rage. Ya ji ranar da na saka ka a sifika, kai da Kawu kuna tsara yadda za a kwashe kayan shagonsa a sallama wa mai ɗinki wurin. Ba laifinka nake gani ba, nawa ya fi na kowa. Sau nawa ina canza masa zanen gado ina yi wa ƙawata ƙorafi a waya, ina cewa na gaji, rayuwata ta tsaya cak saboda shi? Hawayen da muke gani a idonsa, mu muka ce ciwon ido ne, har magani na ɗiga masa.

Da Umma ta shigo na gaya mata, ba ta yarda ba sai da na rubuta mata sunayenmu huɗu a bayan kwali, ta ce ya nuna wanda aka haifa ranar da aka yi ruwan da ya rushe katangar gidan. Ya nuna naka. Sai ta zame ta zauna a ƙasa da mayafinta da jakarta, ta riƙe ƙafarsa. Ranar Litinin muka kai shi wajen likita. Ya ce hakan na faruwa, magana ta ɗauke amma fahimta tana nan, ya kuma haɗa mu da wata mai koyar da masu irin wannan lalura. Za mu fara zuwa mako mai zuwa in Allah ya so.

Yanzu da kwali da biro muke hira da shi. Na tambaye shi maganar shago, na rubuta a bayar, a rufe, a bar shi yadda yake. Ya nuna a bar shi, har sau biyu, saboda haka ina roƙonka ka kira Kawu a dakatar da zancen nan. Jiya kuma na yi ƙarfin hali na rubuta masa ko yana fushi da mu, e ko a'a. Na so ƙwarai ya nuna a'a. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ɗora yatsa a kan e. Na ce ya yafe mana, ina kuka. Bai nuna komai ba, sai dai ya kama hannuna ya riƙe, bai sake ni ba har aka kira magariba.

Abin da nake so da kai ɗaya ne. Ka kira ranar Juma'a ta bidiyo, zan riƙe masa wayar. Amma don Allah kada ka tambaye ni ya jikinsa. Shi za ka gaisar, shi za ka tambaya, kuma ka yi haƙuri ka jira, don hannun yana ɗaukar lokaci kafin ya isa.

Umma tana gaishe ka ƙwarai, ta ce a gaida Anti, a shafa mata kan 'yan biyu. Ka gaida surukinka da mai ɗakinsa, da maƙwabcin nan naka direba da ya kawo mana saƙo bara. Allah ya yafe mana, ya ba Baba lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta