Kwaɗon Zogalen da Na Ɓoye

Asabar da dare, Malumfashi

Tun farkon damina nake fama da yaran nan su rage biskit. Yau dai na shawo kansu muka yi kwaɗon zogale tare. Bilkisu ta tsinke ganyen na dafa, Auwalu ya daka ƙuli-ƙuli har gumi na ɗiga masa, suka yanka tumatir da albasa manya-manya, ko kyan gani babu. Amma murna kamar ranar Sallah.

Muna cikin kwaɗawa sai ga sallamar Yaya Hajara, yayar Malam, daga Danja. Ban san sa'ad da na tura langar kwaɗon bayan turmi ba. Bilkisu ta ce, "Mama, a zuba wa Gwaggo namu?" Na ce, "Ke, wa ke tarar baƙo da ganye? Auwalu, ruga shago ka karɓo biskit da lemon kwalba."

Biskit fa! Abin da na yi ta ce musu ba abinci ba ne.

Bayan ta tafi na kira su mu ci, suka ce sun ƙoshi. Auwalu yana kallon ƙasa ya ce, "Ashe abin kunya muka dafa."

Ni mai wa'azin ganye, ashe a raina na raina shi.

Ɗazu na cinye rabona ni kaɗai a tsakar gida. Gishiri ya ɗan yi yawa, amma wallahi da daɗi. Gobe zan faɗa musu haka, in har sun yarda da maganata.