Lissafin Malam Gide

Maman Ikhlas,

Na wuce Tafoki, ban so in tashe ki ba.

Jiya ina nuna wa Ikhlas aikin gida, sai ta janye littafinta ta ce, "Baba, ba haka Malam Gide ke yi ba." Giden da muka ɗauko ya yi mata lesin, yaron da ni na koya wa lissafi a aji uku! Yanzu ba ta da zance sai nashi. Na daka mata tsawa, ta fita tana kuka.

Ki lallashe ta kafin ya zo da la'asar.

Na sake duba aikin bayan asuba. Hanyarshi ta fi tawa sauƙi. Wannan ya tsaya tsakanina da ke.

Muttaka