Zanen Alinafe

Yaya Esnart,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Yaya yara?

Kin tuna ranar da nas ta miƙo mini zanen Alinafe a ninke? Nan take na gane 'yata ta tafi, ita da abin da ke cikinta. Na taho nan garin Tete da zanen, ban taɓa buɗe shi ba.

Lafiyata ƙalau, abinci ne dai bai cika shiga ba. A gidan coci muna kula da masu ciki da ba su da kowa. Akwai Felismina, sarkin tsokana. Kullum sai ta ce, "Mama, wannan tuwo naki, so kike jaririn ya fito da haƙora?" Shekaranjiya ta haihu, hannunta cikin nawa. Mace, lafiyayya. Ba ta da zanen goyo, sai na buɗe na Alinafe na ba ta. Na yi kuka, sannan na cinye tuwona tas.

Ki ba Baba haƙuri, ba zan dawo wannan watan ba, Felismina ba ta iya wankan jariri ba tukuna. Dutsen kabarin Alinafe ne ba mu kafa ba. Ku jira ni, mu kafa shi tare.

Ƙanwarki,
Tiyamike