Ganyen Wankan Jegon Rabi

Assalamu alaiki Hajiyata, uwar gidana.

Gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Jarwal, nan kusa da Harami. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma da wuya ki iya, don ke kika ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan allo. Izu biyar na yi kafin malam ya gaji da ni, sai ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Albishirinki. Autarki Rabi ta sauka lafiya, mace ta haifa, mai kumatu da faɗa kamar wadda kika sani. Kin tuna alkawarin da kika sa na ɗauka, kina kwance, cewa in Rabi ta haihu sai an yi mata wankan jego irin na Gumel? Dangin mijinta haihuwar nan ne, Larabci ya fi yawa a bakinsu, suka ce an daina wannan. Rabi ta dai kalle ni. Iya Tabawa maƙwabciyarmu ta ce ita za ta dafa ruwan ta yi wankan, amma ƙafarta ba ta zuwa daji. Ganye sai ni.

To ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Duk shekarun da nake raka ki daji kina nuna mini wannan ganye da wancan, ina gyaɗa kai, ban ji ko ɗaya ba. Inuwa nake nema. Wani lokacin ma barci nake idona biyu. Kin sani, ko? Ai na san kin sani.

Na ajiye garewanin ruwana ran Talata, na hau motar ɗaukar kaya da ke bin hanyar Ɗa'ifa. Abu ɗaya na riƙe daga karatuna, ba a yanke ɗanyen tsiro a cikin Harami. Don haka sai da muka wuce Arfa, iyaka ta zama bayanmu, sannan na sauka a bakin wani kwari da buhuna.

Da kin ga dajin nan! Tun da tauraron da suke kira Suhail ya fito zafi ya sassauta, kuma an samu yayyafi sau biyu a kan duwatsu. Ƙasa ta yi ɗan kore-kore kamar gemun saurayi. Tumfafiya ta yi fure, magarya ta yi fure, ƙudan zuma na ta hidima a kanta. Kwartowa ta baje 'ya'yanta a yashi kamar kankana, irin wadda na taɓa gutsura kika yi sati kina mini dariya. Wannan karon na gaishe ta daga nesa. Na ga wani irin damo mai ƙayar wutsiya yana shan hantsi a bakin raminsa, ya ɗaga kai ya dube ni kamar ɗan sanda zai tambayi igama, takardar izinin zama. Na ce masa ni ma ba ni da ita, ya shige ciki. Tsattsewa kuwa ba a magana. Can sama wasu manyan tsuntsaye masu kama da shamuwa suka yi jeri suka nufi wajen teku. Na ce tabbas gida za su. Na ba su sallahu, su gaida kasuwar Gumel, su ce shekara ashirin da biyar muna nan tafe. Na yi miki alkawarin komawa ban cika ba. Shi ya sa wannan na ganyen ya tsaya mini a rai.

Runhu nake nema, don sunansa kaɗai na riƙe, da cewa furensa rawaya ne. Sai ga wani tsiro mai rawayan fure ya cika kwarin. Na ce Allah Ya kashe ya ba ni. Na cika buhu. Na tuna kina ɗanɗana ganye kafin ki yarda da shi, ni ma na tauna, don a san masani ya zo. Har na jefa dunƙule guda a shayina. Wata tsohuwa Badawiya mai kiwon awaki ta tsaya tana kallona, tana dariya har tana riƙe ciki. Na ɗauka kyauna ta gani. Ashe wa'azi take mini da hannu.

Filasko ne, Hajiya. Maganin wankin ciki. Sau huɗu na tsayar da direba a hanyar dawowa. A tsayawa ta uku wani goggon biri yana zaune kan dutse da iyalinsa, suka zuba mini ido har na gama. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai ran nan.

Iya Tabawa ta zazzage buhun a tsakar gida, ta ce wannan ganyen ya isa ya wanke cikin alhazan Mina gaba ɗaya, kuma babu runhu a ƙasar nan, ke ma ba ki taɓa samunsa ba. Na zauna a kan turmi. Rabi tana ji daga ɗaki. Me zan ce mata? Me zan ce miki?

Sai Iya ta kai hannu gindin buhun ta ciro wani damin ciyawa da reshen magarya, ta shinshina, ta tambaye ni wa ya nuna mini. Ba wanda ya nuna mini. Magaryar na karya don da ita aka yi miki wankan ƙarshe. Ciyawar kuwa na taka ta ne, ƙamshin zanenki ya taso, na kasa wucewa, na tuge ta don in sa ƙarƙashin matashina. Iya ta ce nobe ce, Larabawa na ce mata izhir, kuma da ita da magarya kika yi wankan haihuwar Rabi. Ashe abin da kunnena ya ƙi ɗauka, hancina ya ajiye mini.

Ta ƙara da cewa ita wannan ciyawar an halatta cire ta ko a cikin Harami, kuma tana nan birjik a bayan dutsen Rusaifa. Tafiyar yini guda da wankin ciki na yi don abin da ke bayan gida. Ban yi nadama ba.

Yau kwana tara ana wankan, safe da yamma. Idan tururin ya tashi, gidan gaba ɗaya ƙamshinki yake. Ranar farko Rabi ta yi kuka, sannan aka ba ta labarin birin, ta yi dariya har Iya ta tsawata mata.

An raɗa wa jaririya sunanki. Rabi ba ta iya faɗa, Ummi take ce mata. Ni kuwa da na yi shekara talatin da huɗu ina ce miki "ke" da "Hajiya" don kunya, yanzu sau ashirin nake kiran sunan a yini, da ƙarfi, ba mai cewa na yi rashin ta ido.

Allah Ya haskaka kabarinki, Saudatu. Kin ji, na faɗa. Gobe da safe zan hau dutsen Rusaifa, saura kwana talatin da ɗaya.

Naki, mai barci a inuwa,
Inuwa ga-ruwa, Jarwal