Tsohuwar Tsallaken Kogi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiya. Takarda na rubuto saboda wayarka ta zama ta ado, in an kira ba ka ɗauka. Mai shayin da ke kasa kaya a wurin hutawarku zai miƙa maka, tunda shi kullum yana haye kogin nan a kwalekwale, kuma har yau bai nutse ba.

Maganar Inna ce. Na kai ta wurin likitan ido. Ya ce ganin nata yana tafiya, kuma irin wanda ba ya dawowa ne, aiki ba zai yi ba, magani sai dai ya rage masa gudu. Yanzu in mutum bai matso kusa ba, ba ta gane fuskarsa. Da muka fito ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta ce: "A gaya wa Auta ya zo in kalle shi da kyau tun ina iyawa."

Tun da aka buɗe hanyar kekunan nan a tsallake, ka san halin da ake ciki. Duk Asabar sai na ɗauko mata kujera na kai bakin ruwa, ta zauna jiran ka wuce da baƙinka masu yawon buɗe ido. Ba gane ka take yi ba. Ni ke cewa, "Ga shi can a gaba, mai riga rawaya," sai ta hau ɗaga hannu har kafaɗarta ta gaji. Kai kuma ka kaɗa ƙararrawa, baƙi su ɗauki hoto, ku wuce abinku. Rabonka da gidan nan tun kafin a zuba tsakuwar hanyar. Haba Auta! Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka hayo.

Ka gaida iyali.
Yayarka.

*

Yaya tawa ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, faɗa ma ya iso lafiya, dama na san ba za a aiko ɗaya a bar ɗaya ba. Allah ya bar mana ke. Ki gaishe mini da Inna, ki yi mata sannu. Wallahi labarin idon nan ya taɓa ni.

Amma Yaya, ki fahimci aikina. Ni ɗan jagora ne. Amanar mutane ake ba ni da safe, da yamma in mayar da su cif, ba wanda ya kurje gwiwa. In taya ta yi faci ni ne, in kaca ta zame ni ne, in wata ta gaji ta zauna tana haki ni ne mai rarrashi. Ba dama in jingine keke in ce musu su jira ni, zan haye gida. Sauran ranakun kuma ina can saman kwari da wasu baƙin. Yanzu ne lokacin samu, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Da ma wata rana ki hau hanyar nan ki gani. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce aka cire ƙarafan aka daddaɓe. An kafa turaku a bakinta, mota ba ta shiga, babur ba ya shiga. Ba hon, ba hayaƙi, sai ƙarar taya a kan tsakuwa da kukan tsuntsaye, kogi yana bin ka a gefe. Kuma kin san inda ya fi ko'ina kyau? Daidai gidanmu, inda ruwa ya yi kwana ya buɗe. Nan nake tsayar da su. Baƙi suna son Inna ba kaɗan ba, har an buga hotonta a allon wurin hutawa. Ki gaya mata ta yi suna!

Ga tabarau na aiko mata saboda rana. Da zarar damina ta sauka, baƙi suka ɗauke ƙafa, zan zo in kwana biyu har ku gaji da ni.

Naki har kullum,
Auta.

*

Auta,

Sallama, da fatan kana lafiya. Tabarau ya iso, an gode. Ta saka, ta ce duhun ya ƙaru, ta cire.

Na haye na ga allon naka da idona. Ga Inna nan a zaune da mayafinta shuɗi, hannu a sama. A ƙasa an rubuta "Tsohuwar tsallaken kogi." Tsohuwa! Ko a jikin katako ka kasa cewa uwarka ce. Na tambayi mai shayi ko kana gaya wa baƙin wace ce, sai ya hau goge kofin da ya riga ya goge. Ni da na ɗauke ka a baya, na share maka majina, yau na tsaya gaban allo ina jin kunyarka.

Ita kuwa baiwar Allah, da na ba ta labari murna ta yi. Wai ashe tana taimaka maka da aiki.

Yanzu ta ce duniya ta tsuke mata, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Shekaranjiya ta zuba ruwan zafi a gefen kofi, ya sauka a ƙafarta. Damina da kake kira ba ta yi alkawari da idon Inna ba. Mai kwalekwale ya ce ko da wane lokaci ka zo zai haye da kai, shayinka ba zai huce ba kun iso. In Asabar ta baƙi ce, ai ba ita kaɗai Allah ya halitta ba. Na roƙe ka don Allah, ba don halina ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri kan jinkirin amsa. Aiki ne ya sha kaina.

Ke dai ba kya canzawa, komai sai kin ƙara masa gishiri. Kin tayar mini da hankali, har na kasa cin abinci. Sai ga shi makonnin nan ina ganin Inna garau! Hannun ma ya fi da ƙarfi. Asabar ɗin da ta wuce har miƙewa ta yi tsaye da ta ji ƙararrawa, baƙi suka yi ta tafi. Na ce alhamdu lillahi, maganin yana aiki. Uwata ce fa, ko daga nesa na san in tana da lafiya.

Maganar allo kuma, ba ni na rubuta ba, mutanen ofis ne. In na ce uwata ce sai a ga kamar shiri ne, abin ya rage armashi.

Wata alfarma nake nema. Asabar mai zuwa akwai manyan baƙi, har da masu ɗaukar hoton talla, in abin ya yi kyau za a ba ni hanyar gaba ɗaya in riƙe. Don Allah a fito da ita da wuri, kuma ta yafa shuɗin nan na jikin allo. Daga an gama wannan, sai gida, in sha Allahu.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta.

*

Auta,

Sallama.

Wadda kake gani ni ce.

Idon Inna ya rufe tun kafin takardarka ta ƙarshe. Da safe ta tashi ta tambaye ni me ya sa gari ya ƙi wayewa, alhali rana ta kai tsakar gida. Na kira wayarka har na gaji. Ban rubuto ba, don na ga abin da rubutu ya saya mana a baya.

Da Asabar ta zo ta ce ba za ta fita ba, ba ta son a ɗauki hotonta ana jan ta da hannu. Amma ta miƙo mini mayafin, ta ce, "Je ki zauna, kada baƙinsa su zo su tarar ba kowa, a ɓata masa aiki." Na ce ba za ni ba. Ta ce in dai ita ta haife ni sai na je. Na je. Na zauna ina ɗaga maka hannu, hawaye na zuba, kai kana kaɗa mini ƙararrawa. Ranar da na miƙe tsaye, ba murna ba ce, kiranka nake yi ka hayo. Kuka tafa mini.

Ko daga nesa ka san uwarka, in ji ka. Manyan baƙinka ma za su tarar da tsohuwa a kujera, kada ka damu, ta riga ta ba da umarni.

Yayarka.

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai shayi zai kawo miki wannan yau, ni kuma ina tafe gobe da sassafe, an ba wani ɗan jagora baƙin nawa. Ki gaya wa Inna. Ki yi mini rai.

Auta.

*

Auta,

Sallama. Mai shayi zai tare ka da wannan a bakin ruwa, ka karanta kafin ka shiga kwalekwale.

Jiya da ya kawo takardarka, Inna ta ji takun namiji a ƙofa, ta ce, "Auta ne?" Bawan Allah ya dube ni, ya kasa cewa a'a. Ya durƙusa. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ka rame, rana ta ci ka. Ta daɗe tana sa masa albarka, ya fita yana kuka. Ni ma ban gyara mata ba. Jiya ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

In ka shigo, ka ce mata dawowa ka yi.

Yayarka.