Makullin da Ke Haɓar Mayafin Nas Rakiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da ma'aikatan lafiya na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara girma. Ranka ya daɗe, ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kazaure, na kusa ritaya, kuma ban saba rubuta wa manya ba. Aikina koya wa yara kurakuran sarakunan da suka shuɗe, aiki mai kwanciyar hankali, domin matattu ba sa mayar da martani. Yau dole ta sa na juyo kan masu rai.

Ina rubuto maka ne a kan Nas Rakiya, wadda ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Roni ta hanyar Gwiwa. Na samu labarin ofishinka ya aika mata takardar tuhuma, ana shirin dakatar da ita saboda rasuwar wata mata mai suna Balaraba. Balarabar nan yayata ce. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da daddawar da take bugawa na yi karatu. In akwai mai haƙƙin neman a hukunta wani, ni ne. To ni roƙo na zo yi, a bar wannan baiwar Allah a bakin aikinta.

Na farko, ga yadda abin ya faru, tunda na ji kwamitinka ya gama bincike ba tare da ya ɓata tayar mota zuwa ƙauyen ba.

Yaya ta daɗe da ciwon asma, yakan tashi idan gero ya fara fure. A daminar da ta wuce, wata rana da hantsi, numfashinta ya sarƙe. Mijinta ya ɗauko ta a babur zuwa asibiti. Ƙofa a buɗe, gado a gyare, ɗakin magani a kulle. Doka ce makullin ya zauna a hannun wanda aka damƙa wa magungunan, kuma a asibitinmu mutum ɗaya ce, wato Rakiya: ita ce ungozoma, ita ce mai allura, ita ce mai ba da kati, ƙauyawa kuma likita suke ce mata. Makullin tana ɗaure shi ne a haɓar mayafinta, yadda iyayenmu mata suke yi.

Ita kuwa a lokacin tana kan dutsen da ke bayan gari. Duk ƙauyen nan ne kaɗai ake samun sabis mai ƙarfi. Samari kan hau su kalli ƙwallo, masu 'ya'ya a Legas kan hau su ji muryarsu. Rakiya ta hau ne ta rubuta jarrabawar digirin jinya da take yi ta intanet. Irin jarrabawar nan ce da waya ke kallon fuskar ɗalibi, in ya kau da kai ko kira ya shigo, an kayar da shi. Saboda haka ta toshe kira. Mijin Yaya ya yi ta bugawa, shiru. Sai Baba Sale maigadin asibitin, dattijo mai ciwon ƙafa, ya kama hawan dutse da sandarsa.

Da ta hango shi ba ta jira ya ƙaraso ba. Ta bar jarrabawar a tsakiya, ta gangaro a guje, takalminta ɗaya ma a can ya kwana. Ta buɗe ɗaki, ta yi allura, ta yi duk abin da ta sani. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta sa aka nemo mota, ta rungume Yaya a baya suka nufi Kazaure. Kafin su hau kwalta rai ya yi halinsa. A kan cinyarta Yaya ta cika.

Na biyu, wa ya hau da ita dutsen? Takardarka ta ce ta bar wurin aiki ba izini. Gaskiya ne. Amma Rakiya ta daɗe a mataki ɗaya, an ce ba ƙarin girma sai da digiri. Ta nemi a sake ta ta tafi karatu, aka ce ba wanda zai maye gurbinta, aka ba ta shawarar ta yi ta waya, wai zamani ya zo da sauƙi. Ta bi shawara. Da jarrabawa ta matso ta roƙi a turo wanda zai riƙe mata asibiti na safiya ɗaya, aka ce ta nemi nas ɗin ƙauyen gaba. Shi ma shi kaɗai ne, da nasa makullin a aljihu.

Na uku, kwanaki na ji ka a rediyo kana cewa karatun intanet zai kawo ƙarshen ƙarancin ma'aikatan jinya. Muryarka da daɗi, har na ƙara sauti. Ba na gaba da wannan karatu. Ni kaina littattafan da a da sai na je Kano nake ganinsu, yanzu a waya nake karanta su ina kishingiɗe. Sai dai karatun yana ƙara ilimi ne a kan mutum ɗaya, hannuwansa kuwa suna nan biyu yadda Allah ya halitta. Na karanta tarihin dauloli da dama, ban ci karo da sarkin da ya tsare gari da dakare ɗaya ba, balle ya tura shi kwas ranar da mahara suka zo. Kuma ka fi ni sanin inda masu digirin suke nufa in sun gama. Kaɗan ne ke waiwayar Babura ko Gwiwa.

Na huɗu, wannan bai shiga rahoton kowa ba. Ranar sadakar uku Rakiya ta zo mana ta'aziyya. Na ga wasu mata suna zumɓura baki, ba ta fasa shiga ba. Ta durƙusa gaban mijin Yaya, ta kasa haɗa gaisuwar, sai hawaye. Shi ne ma ya riƙa ba ta haƙuri, yana cewa kwana ne ya ƙare. Ba a shafa fatiha ba aka leƙo aka ce wata na naƙuda. Ta miƙe ta fita, makullin nan yana reto a haɓar mayafinta. Tun ranar ba ta sake hawa dutsen ba. Jarrabawar ta faɗi, karatun ta ajiye.

Ranka ya daɗe, na yarda da ƙaddara, kuma ban ce da ɗakin a buɗe yake Yaya za ta rayu ba. Wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne, in ka dakatar da Rakiya, ɗakin da aka kulle na safiya ɗaya zai zauna a kulle har sai yadda hali ya yi, ga mata masu ciki, ga zazzaɓin damina.

Don haka ina roƙon a janye takardar tuhumar nan. A turo mata abokiyar aiki ko da ɗaya ce, a yanka makulli na biyu. A sa baki makarantar ta ba ta damar sake jarrabawa, domin ta faɗi ne a kan aikin da ake koya mata. Duk wanda kuka ce ya yi karatu ta waya, ku tanadar masa mai riƙon asibiti ranar jarrabawa. In kuma hukuncin ya zama dole, don Allah ka zo da kanka ka karɓi makullin, ka nuna mana wanda za mu riƙa buga wa ƙofa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta masu faɗa maka gaskiya, ya raba ka da tsayuwa a bakin ƙofar da ke kulle da naka majinyacin a hannu. Allah ya jiƙan Yaya Balaraba, ya sa ta huta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sabo, ƙanen marigayiya,
Kazaure.